YATSUN DA KE LANƘWASHEWA: JAWABAI UKU A KAN KIYAYE HANNU

JAWABI NA FARKO
Abin da ke lanƙwashe yatsu

Jama'a, musamman mutanen ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, da ku da ke zaune a inuwar ɗakin magani kuna jiran malami ya kira ku. Yau maganar hannu za mu yi.

Hannu shi ne jarin talaka. Da shi ka ke riƙe fartanya, da shi uwargida ke riƙe taɓarya da muciya, da shi tela ke zura zare a allura. To, akwai wani ciwo da kan sa yatsu su lanƙwashe, su nufi tafin hannu kamar ƙafar shaho, mai su ya yi ya yi ya miƙe su, su ƙi. Lalle ka taɓa ganin mai irin wannan hannu a kasuwa ko a masallaci. Abin da na ke so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawancin hannuwan nan da an tare su da wuri da ba su kai haka ba.

Ba abu guda ke kawo wannan lanƙwasa ba. Ga waɗanda aka fi gani.

Na ɗaya, ƙuna. Da hunturu yaro mai rarrafe kan faɗa murhu, ko ya tsoma hannu a kunu mai zafi. In aka naɗe hannun a dunƙule, sai fatar ta warke a takure, ta ja yatsun ciki.

Na biyu, ɗori mai tsanani. Yaro ya karye a hannu, a ɗaure shi da kara tamau, jini ya kāsa wucewa, naman damtse na ƙasa ya mutu ya ƙanƙance, ya janye yatsu duka.

Na uku, sara ko yanka a wuyan hannu wanda ya tsinke jijiya, ko kuwa karkare da aka bari ya ci cikin yatsa.

Na huɗu, shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini kan jawo. Ita da wuyan hannu da gwiwar hannu duk ta kan naɗe su, ƙafa ma ta kan taɓu.

Na biyar, wani ciwo na tafin hannu da a ke kira da sunan wani likitan Faransa, Dupuytren, wanda ya yi aikinsa a 1831. Shi wani ƙullutu kan fito a tafi, ya zama kamar igiya a ƙarƙashin fata, ya riƙa jan ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hankali. Ya fi kama dattawan Turai ta arewa, a ƙasarmu kuwa ba safai a ke ganinsa ba. Mai shi yana jin taɓi da zafi sarai a yatsunsa.

Na shida, shi ne wanda za mu fi daɗewa a kansa, watau kuturta. Na san sunan nan ba shi da daɗin ji, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka saurara da kyau, gama a nan ne jinkiri ya fi ɓarna, a nan ne kuma hanzari ya fi amfani.

Waɗansu sun ce gadonta a ke yi. Waɗansu sun ce cin kifi da nono ke kawo ta, ko naman akuya, ko tsaka ta faɗa cikin abinci, ko sammu. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wata 'yar ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani likita mai suna Hansen ne ya fara ganinta a 1873, a garin Bergen na ƙasar Norway. Daga hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba ta ke fita, kuma sai an daɗe ana zaune tare kafin ta kama wani. Gaisawa da hannu ba ta sa a ɗauka. Cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu kan kashe ƙwayar da kansa, ba su ko sani ba. Wanda ta kama kuwa, ta kan yi kamar shekara 5 a ɓoye kafin ta nuna, wani lokaci har shekara 20.

To, yaya ta ke lanƙwashe yatsa? A jikinka akwai jijiyoyin jini, akwai kuma waɗansu jijiyoyi farare masu kama da zare, su ne manzanni tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Su ke kai labarin zafi da taɓi, su ke kawo wa nama umurnin ya motsa, su ke sa fata ta yi gumi. Ƙwayar kuturta tana son wuri mai sanyi-sanyi, saboda haka sai ta sauka a cikin jijiyoyin nan inda su ka matso kusa da fata.

Ka taɓa buge gwiwar hannunka ta ciki ka ji wani zirr har ƙaramin yatsa? To, jijiyar da ka buge ita ce ƙwayar ta fi kamawa a hannu. Ita ke ba da ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, ita ke kuma riƙe da yawancin ƙananan naman da ke cikin hannu. Akwai ta biyu da ke ratsa wuyan hannu ta tsakiya, ita ke kula da babban yatsa da manuni da na tsakiya.

Ka dubi jaki da mangala. In kayan hagu da na dama sun yi daidai, sai ta zauna lafiya. In aka zazzage ɓari guda, nan da nan ta kan karkace. Haka yatsa ya ke. Manyan naman da ke damtse suna jansa ta wani waje, ƙananan naman cikin hannu suna daidaita jan. In jijiya ta mutu, ƙananan nan su kan shanye, a bar manyan suna ja su kaɗai. Sai gindin yatsa ya tanƙware baya, gaɓoɓi biyu na gaba su naɗe ciki. Da ƙaramin yatsa da na kusa da shi a kan fara. In jijiya ta biyu ta bi sahu, sai duk yatsun su bi, babban yatsa kuma ya kwanta gefe, ya kāsa haɗuwa da 'yan'uwansa.

Tun kafin a kai nan, jiki ya kan yi gargaɗi. Ga alamun:

1. Tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, in aka shafa shi da auduga ba ka ji. Ƙyasbi da makero ba su kashe ji.
2. Ƙaramin yatsa ya riƙa sagewa, ko ka ji kamar kiyashi na tafiya a cikinsa.
3. Ciwo ko kauri a jijiyar gwiwar hannu.
4. Abu ya riƙa suɓuce maka, ko ɓalla maɓallin riga ya zama aiki.
5. Wani rami ya bayyana a bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuni.
6. Ƙuna ko bororo da ba ka san lokacin da ka same su ba.

Ga kuma gwaji mai sauƙi. Ka miƙe yatsunka, ka sa takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ka matse, wani ya ja. In ta zare ba wuya a hannu guda, a ɗayan kuwa ta riƙu, kada ka kwana biyu ba ka nuna wa malamin asibiti ba.

Nan za mu dakata. A jawabi na gaba za mu yi maganar magani. Allah ya ba mu lafiya.

JAWABI NA BIYU
Magani, da wata shida masu tsada

Jama'a, salamu alaikum. Ran nan mun tsaya a kan alamun da jiki ke yi kafin yatsu su lanƙwashe. Yau ga labarin magani.

Tsoron da a ke yi wa kuturta tsoho ne, yana kuwa da dalili, gama a zamanin kakanninmu ba ta da magani sosai. Ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram a cikin Kano su ke har 1991, sa'ad da aka kafa Jihar Jigawa, wurin jinyar kuturta na lardin Kano kuwa shi ne Yadakunya, wanda ya soma aiki a shekarun 1930. Katsina tana da Babbar Ruga, Sakkwato tana da Amanawa. Mutum ya bar gida da gona ya tafi can ya yi shekaru, allurar wani mai daga Indiya a ke yi masa, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Dattawa ba su manta ba, shi ya sa har yanzu wani ke ɓoye tabonsa a ƙarƙashin riga.

Amma zamani ya juya, kuma Nijeriya tana da hannu a juyin. A Uzuakoli, can ƙasar Ibo, Likita John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar wata ƙwaya mai araha da a ke kira dafson. A shekarun 1950 Likita Ross ya sa aka riƙa rarraba ta a ƙananan ɗakunan magani na Arewa, mutum ya zo ya karɓa ya koma gonarsa. A Uzuakoli ɗin dai aka fara gwada magani na biyu, kilofazimin, wajen 1960. Da aka ga ƙwayar cutar ta fara sabawa da dafson shi kaɗai, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa magani uku, watau waɗannan biyu da rifamfisin. Shi ne a ke rubuta MDT a jikin kwalinsa. Tun 1995 kyauta a ke ba da shi a duniya duka. A 1998 yawan masu jinya a Nijeriya ya sauka ƙasa da mutum 1 cikin 10,000. Duk da haka cutar ba ta ƙare ba. Ko wace shekara a kan sami sababbin kamu wajen 200,000 a duniya, a Nijeriya kuwa fiye da 1,000, waɗansunsu yara.

Yanzu ba a tsare kowa. Ga yadda abin ya ke in ka zo. Malami zai dube ka a wuri mai haske, ya ƙirga tabon, ya shafa su da auduga idonka a rufe. Zai lalubi jijiyoyin gwiwar hannu da na ƙafa, ya taɓa tafinka da bakin biro ya ce ka nuna wurin, ya gwada ƙarfin yatsunka. A ko wace ƙaramar hukuma akwai jami'in da ke kula da tarin fuka da kuturta, in malamin ƙauyenku yana shakka gare shi zai tura ka, ko kuwa babban asibitin Tarayya da ke Birnin Kudu. Kai mutumin Sara, ko Basirka, ko Fagam, ko Wurno, ba sai ka sayar da akuya ba kafin ka sami wannan magani.

In tabon ba su wuce 5 ba, wata 6 a ke sha. In sun wuce 5, ko cutar ta taɓa jijiya, wata 12 ne. Ko wane kati na kwana 28 ne. Na ranar farko a gaban malami za ka haɗiye, sauran ka kai gida, kullum ka sha. Da ka fara sha ka daina ba wani cutar, saboda haka ba dalilin ware maka kwano ko tabarma. Mai ciki da mai shayarwa duk suna sha.

Kada ka firgita in fitsarinka ya yi ja ranar da ka sha na wata, ya kan washe da kansa. Fata ma ta kan ƙara duhu ta bushe, in an gama magani ta koma yadda ta ke a hankali. Amma in ka ga ƙuraje sun feso maka a jiki duka tare da zazzaɓi, ko idonka ya yi rawaya, ka dakatar da maganin ka zo ran nan. In tafiya cin rani ta kama ka, gaya wa malami kafin ka tashi, ya san dabarar da za a yi don kada ka yanke.

To, yanzu ga zuciyar maganar. Maganin nan uku ƙwayar cuta ya ke kashewa. Jijiyar da ta riga ta mutu ba ya tā da ita. Mutum ya kan warke sarai daga kuturta, amma yatsunsa su zauna a lanƙwashe, don ya zo a makare.

Jijiya ba ta mutuwa dare ɗaya. Ta kan fara kumbura ne, kumburin ya shaƙe ta a cikin kubenta. Muddin ragowar ji ko ragowar ƙarfin bai wuce wata 6 da farawa ba, akwai wani magani dabam mai suna firednisolon wanda ke sassabe kumburin, sau da yawa ji ya komo, ƙarfi ya komo, yatsa ya miƙe. In an haura wata shidan nan, da ƙyar ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ka lissafa da kanka: wanda ƙaramin yatsansa ya fara sagewa da shuka, ya ce bari sai an gama girbi an kai amfani gida, ya cinye kusan duk lokacinsa ke nan. Kwana ɗaya da za ka bar gona ka zo ɗakin magani ya fi maka araha bisa ga daminun da za ka yi ba ka iya riƙe fartanya.

Wannan magani na kumburi makonni a ke yi ana shansa, ana rage shi kaɗan kaɗan. Yana da ƙarfi, yana da haɗari ga mai ciwon sukari da mai gyambon ciki da mai tarin fuka. Kada ka saye shi a kanti ko wurin mai talla, kada kuma ka yanke shi farat ɗaya.

Akwai abu guda kuma da ya kamata ka sani, don kada ka ce magani bai karɓe ka ba. Wani lokaci jiki kan tashi faɗa da ƙwayoyin cutar, ko da matattu ne. Sai tabon su kumbura su yi ja, jijiya ta yi ciwo, ko ƙulluttai masu zafi su fito da zazzaɓi. Wannan na iya faruwa kafin magani, ko ana cikin sha, ko bayan an gama. Ba cutar ce ta dawo ba, amma a irin wannan lokaci ne jijiya ta fi mutuwa da sauri. Ka ci gaba da shan maganinka, ka rataye hannun da ƙyalle ya huta, ka zo maza. Kada ka bari a yi maka tsaga ko lalas a wurin.

Daga ƙarshe, ka kawo mutanen gidanka a duba su, yara da manya. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba waɗanda ke zaune da mai cutar rifamfisin sau ɗaya tak don rigakafi, bayan an tabbata ba su kamu ba. Ka tambayi malami ko ana yin haka a wurinku.

Sai jawabi na uku. Allah ya sa mu dace.

JAWABI NA UKU
Zama da hannun da ya riga ya taɓu

Jama'a, salamu alaikum. Jawabin yau naka ne, kai da yatsunka su ka riga su ka lanƙwashe, ko tafinka ya daina ji. Kada ka ce aikin gama ya gama. Abin da ya rage a hannunka yana da yawa, kai ne kuwa mai tsaronsa.

Mutane sun ce kuturta ke cinye yatsu su guntule. Wani likita Bature mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga ƙarshen shekarun 1940, ya bi diddigin abin, ya nuna cewa rauni ne ke cinye su. Zafi mai gadi ne. Mai lafiya in ƙaya ta soke shi, take ya kan tsaya ya cire. Wanda hannunsa ba ya ji kuwa sai ya wuni yana aiki da ƙayar a ciki, wurin ya ruɓa, mugunya ta kai ga ƙashi, ƙashin ya zaizaye, yatsa ya gajarce. Tun da mai gadi ya tafi, sai ido da hankali su karɓi aikinsa. Ga abubuwa biyar na kullum, safe ko dare.

Dubawa. Ka juya hannunka a haske, ciki da baya da tsakanin yatsu. Ka nemi ja, da bororo, da faso, da ƙaya, da wurin da ya fi sauran ɗumi. In idonka ba shi da ƙarfi, ɗanka ko matarka su duba maka.

Jiƙawa. Hannun da ba ya gumi ya kan bushe ya tsage. Ka tsoma shi a ruwa mai tsabta kamar minti 20. Ruwan sanyi na randa ya isa. Kada ka sa ruwan zafi, gama ba za ka san ya ƙone ka ba.

Gogewa. In kanta ta yi laushi, ka goge ta a hankali da dutsen goge kaushi. Kada ka sa reza ko wuƙa.

Shafa mai. Tun hannun yana da danshi ka shafa basilin ko man kaɗanya, don ya tsare ruwan a cikin fata. In man gyaɗa ka samu, ka goge ragowarsa kafin ka kwanta, saboda ɓera da kiyashi, gama ɓera kan ci yatsan da ba ya ji mai shi yana barci.

Motsawa. Ka ɗora bayan hannun a cinyarka, ka sa ɗaya hannun ka shafo yatsun daga gindi zuwa kai, kana miƙe su a hankali, kamar sau 10. Sa'an nan ka tanƙwara gindin yatsun, ka tallafe su da ɗaya tafin, ka yi ƙoƙarin miƙe gaɓoɓin gaba da ƙarfin kansu. Ka ja babban yatsa waje kaɗan don kada ya manne da tafi. Kada ka yi da ƙarfi har fata ta tsage. Sannu ba ta hana zuwa. Amfanin wannan shi ne gaɓoɓi su zauna da laushi, gama yatsan da ya lanƙwashe amma yana miƙuwa in an ja shi yana da gyara, wanda ya ƙandare kuwa gyaransa da wuya.

Sai wajen aiki. Kai manomi, ka kankare ƙotar fartanya da ta lauje su yi sumul, ka naɗe su da tsumma ko robar tayar keke. Hannun da ba ya ji ya kan damƙi abu fiye da kima, saboda haka ka riƙa tsayawa kana dubawa, in ka ga ja ka sake aiki. Wajen yankan ƙaya da karan dawa ka sa safar hannu mai kauri. Igiyar guga ma tana gurje tafi.

Ke uwargida, murhu ne babban abokin gābarki. Kada ki sauke tukunya sai da tsumma mai kauri. Ki nemi muciya da ludayi masu dogon hannu na itace, ki riƙa gyara wuta da ɗan sanda. Daka mai tsawo ki raba shi da wata. Kofin shayi na ƙarfe da kwanon koko ku bari su huce, ko a sa su cikin wani mazubi. Da hunturu kada ku matsa kusa da wuta.

In rauni ya samu, kome ƙanƙantarsa, ka wanke da ruwa da sabulu, ka rufe da ƙyalle mai tsabta, ka hutar da hannun. Hutu shi ne maganin miki, tun da ya ke ba zafin da zai tilasta maka. In wurin ya kumbura, ko ya yi wari, ko kaluluwa ta fito a hammata, ko ya kwana bakwai bai kama hanyar warkewa ba, sai asibiti.

Akwai kuma aikin tiyata. Likita Brand ɗin nan yana cikin waɗanda su ka fara shi ga masu kuturta. A kan ɗauko agarar wani nama mai rai, a tsaga ta, a ɗinke a yatsun don ta yi aikin waɗanda su ka shanye, watau a mayar wa mangala da ɓarinta. Hannu kan yi mako uku ko huɗu a filasta, sa'an nan a yi makonni ana koya masa sabon motsi. Ba a yi sai gaɓoɓi suna da laushi, ba miki, kumburin jijiya kuma ya daɗe da kwantawa. Aikin kan komo da riƙo, amma ba ya komo da ji, saboda haka dubawa da jiƙawa da shafa mai ba su da ranar bari. Ba ko wane asibiti ke yinsa ba, jami'in kuturta shi zai ba ka takarda zuwa inda a ke yi.

Sauran masu lanƙwasar yatsu ma ga nasu a taƙaice. Yaro in ya ƙone, a zuba wa wurin ruwan sanyi minti 20, kada a shafa kome, a kai shi asibiti a naɗe ko wane yatsa dabam, a miƙe. In an yi ɗori ka ga yatsu sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko yaro na ihu in an miƙe su, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, gama sa'o'i kaɗan sun isa kashe naman. Mai igiya a tafin hannu kuwa, ranar da ya kāsa shimfiɗa tafinsa a kan tabarma ya kwanta daidai, lokacin ganin likita ya yi.

Saura ku jama'ar gari. Mai lanƙwasassun yatsu wanda ya gama maganinsa ba shi da cutar da zai ba kowa. Tabon yaƙi ne kawai ya rage masa. Ku ci da shi, ku yi ciniki da shi, kada a kori 'ya'yansa daga makaranta, kada a fasa auren 'yarsa. Duk garin da a ke gudun mai wannan ciwo, can ne a ke ɓoye shi, inda a ke ɓoye shi kuwa can ya ke yaɗuwa. Tun 1954 aka keɓe Lahadin ƙarshe ta watan Janairu don tunawa da wannan a duniya. Masu unguwa da limamai da malaman makaranta, ku taimaka da faɗakarwa. Ku kuma masu ciwon, in kun kai uku ko huɗu a gari, ku riƙa haɗuwa mako mako kuna duba hannuwan juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da za ka tafi da shi gida:

1. Tabon da ba ya ji, a nuna wa malami.
2. Yatsan da ya sage ko ya rage ƙarfi, kada ya kai wata guda ba a gani ba, balle shida.
3. Maganin kuturta kyauta ne, a sha shi har ƙarshe.
4. Hannun da ba ya ji, kullum a duba, a jiƙa, a goge, a shafa mai, a motsa.
5. Miki ƙarami, hutu babba.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mana hannuwan neman halaliyarmu, amin. Ku huta lafiya.